Rundunar Nata'ala a Cikin Daro

Malam Nata'ala mai gyaran agogo bai taɓa yin soja ba. Ya dai taɓa zuwa wurin ɗaukar kurata a Kano sau ɗaya, aka auna ƙirjinsa da igiya, aka ce ya koma gida ya riƙa cin abinci. Amma duk wanda ya zauna minti goma a bakin shagonsa a Gwarzo zai tashi yana zaton da shawararsa aka gama yaƙin duniya na biyu. Janar muke ce masa. Shi ya raɗa wa kansa, mu kuma muka ga ba abin da zai rage mu da shi, muka bi.

Shagona na ɗinki yana jikin nasa shekara goma sha tara, don haka na ji abin da kunne bai kamata ya ji ba.

Yana da runduna, wannan gaskiya ne. Sojojin roba ne guda arba'in, kowanne bai wuce tsawon ƙaramin yatsa ba. Suna tsaye sahu-sahu cikin kabad ɗin gilashin da aka yi don agogo, domin tun da waya ta kashe kasuwar agogo babu mai jayayya da su a kan wurin. Shi ya yi musu fenti da hannunsa, da fentin keke da buroshin da ya haɗa da gashin jelar akuya. Kowa da sunansa. Akwai Kyaftin Jatau mai tabarau, akwai Saje Barau mai nuna hanya da hannu, akwai Kofur Ɗantani mai busa bigila, shi kaɗai tak a rundunar. Kullum da safe kafin ya share shago sai ya kira sunayensu, mu ma har mun haddace.

Yayansa Dabo, direban babbar mota, shi ya kawo masa su daga Ikko cikin akwatin kwali lokacin yana ɗan shekara goma sha biyu. Bayan shekara biyu Dabo ya rasu a hanya, bai bar hoto ba, bai bar ɗa ba. A wannan gaɓar kaɗai Nata'ala ba ya ƙari. In ya zo kanta muryarsa takan yi ƙasa, ya ciro hankici ya hau goge gilashin da ba ƙura. Yana son 'yan robobin nan fiye da yadda zai iya faɗa, shi kuwa mutum ne da ba abin da ba ya iya faɗa.

Sauran labarin duk nasa ne. Kamfanin da ya yi su ya ƙone ƙurmus. Baturen da ya zuba su ya mutu bai koya wa kowa ba. Daga Gwarzo har bakin teku babu irinsu. Guda ɗaya ya fi sabon babur daraja. Wani Bature ma ya biyo shi har shago da mukullin mota, ya ƙi. Ni da nake jikin shagon ban ga Baturen ba, wataƙila na shiga kewaye.

Su huɗu ne masu wannan sha'awa a yankinmu. Ban da shi akwai Malam Mudassir mai koyar da zane a wata sakandare, da Jalo manomi daga Gammo wanda ke ƙera tankokin yaƙi da gwangwanin kifi, da Zainulabidin mai kanti a Kabo, ƙaraminsu, wanda komai sai ya yi odarsa ta waya. Suna da zaure a Watsaf. Janar ne shugaba, shi ne mai tsawatarwa, shi ne kuma mai tura saƙon murya na minti goma sha ɗaya.

Wata Talata Zainulabidin ya tura hoto a zauren, ya rubuta: "Albishirinku. Kamfanin nan ya gano tsohon mazubinsa a sito, ya sake zuba sojojin Baba Janar. Na sayo akwati goma."

Mudassir ya tura hamdala, ya ce yanzu ɗalibansa za su sami abin koyon fenti. Jalo ya ce dama tankokinsa sun daɗe ba direba. Janar bai ce komai ba har awa uku, abin da bai taɓa faruwa ba. Na leƙa in ga ko lafiya, na same shi zaune ya tasa wayar a gaba kamar an aiko masa da sammaci.

"Janar, ba kamfanin ya ƙone ba?" na ce.

"Ya ƙone."

"To mazubin fa?"

"Ka koma ka yi ɗinkinka."

Ranar Juma'a bayan la'asar suka hallara a bakin shagon kamar yadda suka saba. Zainulabidin ya buɗe akwati ɗaya ya zazzage a kan tabarma. Arba'in ne cif, kore shar, ba fenti. Ga mai tabarau, ga mai nuna hanya, ga mai bigila ɗaya. Janar ya maƙala gilashin gyaran agogo a ido, ya ɗauki mai bigilar da hantsaki kamar ya ɗauko mushen ƙadangare, ya juya shi gaba da baya. Ya daɗe.

"Jabu ne," ya ce.

"Mazubi ɗaya ne fa, Baba Janar," in ji Zainulabidin.

"Mazubi ɗaya, tarbiyya daban. Dubi tsayuwarsa. Wannan bai taɓa jin ƙarar harsashi ba."

"Naka ya ji?" in ji Jalo.

"Nawa ya ji labari. Shekara arba'in da biyar ina ba shi."

Mudassir ya ce shi dai a matsayinsa na malamin zane bai ga bambanci ba. Nan fa Janar ya miƙe. Ya ce robar da da ta yanzu ba ɗaya ba ce, ta da tana da nauyi, tana da kunya. Ya ce ko cikin dubu aka zuba nasa zai tsamo su ɗaya bayan ɗaya. Mutanen da ke dawowa daga kasuwa suka fara tsayawa, shi kuwa da ya ga jama'a bakinsa ba ya da birki.

"Ido rufe!" ya ce. "A ɗaure mini ido da rawani. A Kabo, a garin Zainulabidin, a gaban mai unguwarsu, kowa ya zo ya gani."

"Ai ko makaho zai gane naka," in ji Jalo. "Fenti ya yi musu kauri, hannu zai ji."

"A cire fentin."

Mudassir ya ce, "Janar, fentin shekara talatin ne fa."

"Na ce a cire. Soja ba kaki ba ne."

Aka sa ranar Asabar ta sama. Zainulabidin ya koma Kabo yana murmushi, ya baza labari, ya kuma sanar cewa duk mai son sababbin sojoji ya kama goma-goma tun yanzu, a raba bayan an gama gwaji. Kafin Litinin ba sauran ko ɗaya da ba shi da mai shi.

Abin da ya faru a cikin gida matarsa Asibi ce ta ba matata labarinsa, ita kuwa Asibi ba ta ƙari don ba ta da lokacinsa.

Ya fara da kananzir. Ya jiƙa su kwana ɗaya a kwanon sha. Fenti ko gezau, sai dai duk wanda ya sha kunu a gidan ranar sai da ya yi gyatsar risho.

Washegari ya ce zafi ne maganinsa. Ya jira Asibi ta shiga maƙota, ya sauke mata tukunyar miya, ya ɗora ruwa, ya tafasa, ya juye rundunar gaba ɗaya. Da ta dawo ta same shi tsaye da ludayi.

"Malam, me kake dafawa?"

"Atisaye ne."

Ta leƙa. Bindigogi sun yi laushi sun lanƙwashe kamar taliya. Saje Barau da ke nuna gaba yanzu ƙafarsa yake nunawa. Bigilar Kofur Ɗantani ta sauko ta kwanta masa a ƙirji. Janar ya ga haka ya ruɗe, ya sure tukunyar ya zazzage su cikin randar ruwan sha, wai su huce. Suka huce kuwa, suka sandare a yadda suke.

Ana cikin tsamo su Dela maƙwabciyarsu ta shigo da azahar, ta ɗebi ruwa a moɗa, ta kai baki, ta ga mutum da hular kwano yana kallonta daga ƙasa. Ihun da ta yi ya fito da mu daga shago, don gidan yana bayan shagunanmu. Kafin magariba rabin unguwa sun ji cewa an ga aljanin soja a randar Asibi, mata biyu ma sun aiko a ba su ruwan don ciwon ƙafa.

Kwana uku ya yi yana miƙar da su. A nan kam dole in yaba masa, hannun mai agogo ne. Ya tsoma ɗaya a ruwan ɗumi, ya miƙe bindiga da hantsaki, ya tsoma a ruwan sanyi, ya auna da na hoton akwati. Da ya gama, ko wanda ya zuba su ba zai ce sun taɓa shiga tukunya ba. Fenti dai yana nan daram.

Mudassir ne ya ba shi shawarar sodar da mata ke yin sabulu da ita, ya kuma ja masa kunne ya sa leda a hannu. Janar ya ce shi da ya taɓa cire batirin agogo da haƙori ba soda ce za ta ba shi tsoro ba. Soda ta yi aikinta. Ta cire fenti tas, ta haɗa da fatar yatsunsa takwas. Aka naɗe masa su da filasta a kemis, ya dawo riƙe da hannuwa sama kamar mai addu'a.

Ranar Alhamis ya ce a yi gwaji a gida. Mudassir ya aro masa sababbi goma daga wurin Zainulabidin, Asibi ta ɗiga musu shuni a tafin ƙafa don kada a rikice, ta haɗa su da tsofaffi goma a faifai. Ido buɗe, da gilashi, da rana tsaka. Ya zaɓi goma. Ta juya ƙafafunsu.

"Shida da shuni," ta ce.

"Hasken ne."

Aka koma inuwa. Bakwai da shuni.

"Malam, da ka bar su a lanƙwashe ai da ka gane abinka."

"Wannan ha'inci ne, Asibi. Ni ba na ha'inci."

"To ka kira yaron nan ka ce ka fasa."

"Janar ba ya fasawa."

"Janar ba shi da wasu in waɗannan suka ɓata. Kayan Yaya Dabo ne fa."

Ta ce har ta zaci maganar ta shige shi. Ashe dabara yake nema. Ya ɗago ya ce ido da hannu duk bayi ne, hanci ne sarki. Zai shafa wa nasa wani abu mai ƙamshi, in an ɗaure masa ido ya bi su da hanci.

"Wannan ba ha'inci ba ne?"

"Wannan dabarar yaƙi ce."

Asibi ta ga ba zai ji ba, ta ce to in dai haka ne ya shafa musu daddawa, ko a cikin rijiya zai ji su, kuma ba wanda zai zo taro da ita a aljihu. Ya dube ta kamar ta zagi iyayensa. Ya ce Kyaftin Jatau ba zai shiga Kabo yana warin miya ba. Ya ɗauko 'yar kwalbar miskinsa ta Juma'a, ya bi su ɗaya-ɗaya da tsinken auduga.

Ranar Asabar na rufe shago na bi shi, don ba zan yarda a ba ni wannan labarin ba. A mota ya ba kowa tarihi, har da kwandasta. Ya ce yau za a bambanta zinariya da gwangwani. Ya maimaita maganar babur sau uku, ya ƙara wa Baturen mota ta biyu. Mutum huɗu da za su sauka a hanya suka fasa, suka bi mu.

Ƙofar gidan mai unguwa ta cika. Akwai 'yan Kabo, akwai waɗanda suka taso daga Madadi da Unguwar Tudu a kan babura, har mai rake ya kafa baro. An shimfiɗa tabarmi a inuwar darbejiya, an ajiye babban daro na wanki a tsakiya. Mai unguwar, Alhaji Sharfaddeen, dattijo ne mai fara'a, bai fi sati biyu da dawowa daga Umra ba.

Muka zube muka yi gaisuwa. Ya tambayi hanya, ya tambayi iyali, ya tambayi damina, ya tambayi mutanen Gwarzo. Ya dubi filastar ya ce, "Malam Nata'ala, hannu fa?"

"Raunin fagen fama ne, ranka ya daɗe."

"Allah ya sawwaƙe."

Sai Alhaji ya yi abin da kowane mai gida da ya dawo daga Makka yake yi wa baƙi. Ya sa hannu a aljihu ya zaro kwalbar turare, doguwa, ya buɗe, ya shafa a tafinsa, ya miƙa a zagaya da ita. Ƙamshin ya iso gare mu kafin kwalbar. Miski ne.

Janar ya zabura.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "da an bar turaren sai an gama."

"Saboda me?"

"Yana sa sojoji kasala."

"Na roba?"

"Su ne ma ya fi kamawa."

"Janar," in ji Jalo, yana murza tafukansa, "turaren Madina kake gudu?"

Jama'a suka juyo suna kallonsa. Ba yadda zai yi. Ya miƙa hannu aka ɗiga masa a kan filasta, ya ce Allah ya maimaita.

Zainulabidin ya zazzage akwati goma cikin daro, ɗari huɗu. Janar ya buɗe gwangwanin alewar da ya zo da nasa a ciki. Ya tsaya riƙe da shi a bakin daron. Ina kusa da shi, na ji yana kiran sunayensu ƙasa-ƙasa. Na raɗa masa, "Har yanzu kana iya cewa cikinka ya murɗa." Ya dubi taron, taron ya dube shi, wani ya ce, "Sai Janar!" Ya juye.

Alhaji ya naɗe hannun riga ya ce shi zai gauraya da kansa don kada a ce an yi son kai. Ya zura hannuwansa biyu masu sheƙin turare ya hau juyawa kamar mai cuɗa gero. Ya tsaya, ya yamutsa fuska.

"Wannan sabuwar roba warin taya take. Za a sa wa baƙo hanci a ciki haka?"

Ya ɗauki kwalbar ya tsiyaya kusan rabi, ya sake cuɗawa sosai, har ƙasa.

Aka ɗaure wa Janar ido da rawani. Ya durƙusa. Ya ɗauki na farko ya kai hanci, ya ajiye a dama. Ya ɗauki na biyu, ya shinshina, ya ajiye a dama. Na uku ma haka. A na biyar ya tsaya, ya sunkuyar da kai gaba ɗaya cikin daron ya ja dogon numfashi. Atishawar da ya yi sai da ta watsa sojoji uku kan cinyar mai unguwa.

"Me yake yi?" wani ya tambaya.

"Gaisawa suke," in ji Jalo.

Gumi ya jiƙa rawanin. Ya gwada shafawa, filasta ba ta jin komai. Ya kai ɗaya kunne ya girgiza kamar agogo. Ya ɗan ciji ɗaya, Zainulabidin ya ce, "Baba Janar, wannan yana da mai shi." Daga nan ya daina shinshinawa. Ya miƙe zaune, ya gyara kafaɗa, ya shiga ɗauka da sauri yana kiran suna da ƙarfi, yana direwa a tabarma. "Saje Barau! Kyaftin Jatau! Fito, na gan ka!" Jama'a suna ƙirgawa tare da shi har arba'in. Aka yi tafi, mai rake ya yi fito.

Aka kwance rawanin. Ya ɗaga hannuwansa masu filasta yana karɓar gaisuwa.

Jalo ya yi gyaran murya. "Ranka ya daɗe, ina da tambaya. Wa zai ce daidai ne?"

Alhaji ya dubi Zainulabidin. Zainulabidin ya dubi Mudassir. Mudassir ya ce shi ya zaci an yi musu alama a Kabo. Zainulabidin ya ce shi ya zaci an yi a Gwarzo. Sati guda ana shiri, an tara gari biyu, ba wanda ya tuna.

"Ni zan ce," in ji Janar. Har muryarsa ta dawo. "Kuma na ce daidai ne."

"To madalla," in ji Jalo. Ya matso kan tabarmar yana duba su da tsinke. "Janar, masu bigila nawa ne a rundunarka?"

"Ɗaya. Kowa ya sani."

"Ga shida."

"An ƙara musu girma."

"Ba ko mai tabarau ɗaya. Wanda ka kira Kyaftin Jatau ga shi nan kwance yana rarrafe."

"Yana duba ƙasa ne."

Dariya ta fara daga baya ta taho gaba. Alhaji ya ɗaga hannu, da ƙyar shi ma yake riƙe tasa. Ya ce a yi adalci, ido rufe abu ne mai wuya, a sauƙaƙa wa baƙo. Ya sa aka tsamo duk masu bigila daga daron aka jera a kan faifai. Goma sha ɗaya ne, goma sababbi, ɗaya na Gwarzo.

"Malam Nata'ala, buɗe idonka, sa gilashinka. Nuna mana naka guda ɗaya kawai, mu tashi."

Ya maƙala gilashin. Ya bi su daga dama zuwa hagu, ya dawo. Duk sun ɗaga bigila sama, duk kumatunsu a kumbure, duk ƙamshi ɗaya.

"Wannan," ya ce. Ya kai hannu, ya tsaya. "Ko kuwa wannan."

Ya ƙara matsawa kusa da faifan.

"Ɗantani," ya ce a hankali, kamar mai kiran yaro a cikin kasuwa.

Ya daɗe a durƙushe. Dariya ta mutu da kanta. Ni da na shekara goma sha tara ina jiran ranar da bakin nan zai rufu, da ta zo ban ji daɗinta ba ko kaɗan. Ya cire gilashin ya sa a aljihu.

"Zainu," ya ce, "bar mini daron gaba ɗaya. Duk abin da ka ce."

"Wallahi Baba Janar ba nawa ba ne yanzu. Ga masu su nan zaune."

Alhaji ya juya ga jama'a ya ce ko za a yi wa bawan Allah alfarma, kowa ya haƙura da nasa. Wani dattijo daga Madadi, wanda muka zo mota ɗaya da shi, ya ce shi da ma don jikoki ya kama goma, amma ya ji da kunnensa a mota cewa guda ɗaya ya fi sabon babur. In akwai arba'in irin wannan a cikin daron, shi kam zai gwada sa'arsa.

"Wannan magana ce kawai," in ji Janar.

"Baturen fa mai mota biyu?"

"Babu Bature."

"Yanzu da ka ga za mu samu ne babu Bature?"

Aka ce haka ne, wayo yake so ya yi. Ya rantse, ba wanda ya yarda. Karon farko da na ji ya faɗi gaskiya a bainar jama'a, ita ce kuma aka ƙaryata. Layi ya kafu nan take. Zainulabidin ya mayar da komai cikin daro, Alhaji ya ce a fara ba Malam Nata'ala arba'in, sahu cikakke, da mai tabarau da mai bigila ɗaya. Mudassir ya tsamo masa su ya zuba a gwangwanin alewa. Ya karɓa bai duba ba.

Sauran aka shiga rabawa goma-goma. Na ce masa mu tafi kada mu rasa mota. Bai ji ni ba. Ya je ya tsaya a bakin hanya inda kowa zai bi ya wuce, gwangwani a hammata. Dattijon Madadi ne ya fara zuwa, yana ƙulle nasa a bakin riga. Janar ya tare shi. Na zaci faɗa zai yi.

"Baba," ya ce, "kada ka bar su a rana. Kada kuma a sa su a ruwan zafi."

Dattijon ya dube shi, ya ce to.

Na bayansa wani matashi ne daga Unguwar Tudu, ya cusa nasa a aljihun wando zai hau babur.

"Ɗan'uwa, fito da su daga nan, za ka zauna a kansu. In ka ba yara, ka ce kada su tauna."

"Roba ce fa, Janar."

"Na sani. Ba a san wanda ke ciki ba."

Haka ya tsaya yana faɗa wa kowa, mutum arba'in, ɗaya bayan ɗaya, har daron ya koma wurin matan gidan.